A Ƙirga Kawuna Kafin A Ƙirga Ɗakuna

Bayan maganar albashi da ta ƙarin girma, babu zancen da ya fi yawan dawowa a zaman malamai kamar na muhalli. Kuɗin haya na hawa kowace shekara, mai gida ba ya jiran ranar da za a biya albashi, sabon gini kuwa tun daga harsashi har zuwa rufi ya zama ɗaukar Dala ba gammo ga wanda alli ne abin dogaronsa. Wannan ne ya sa da yawa daga cikinmu suka karkata ga sayen tsohon gida mai buƙatar gyara, ko kangon da mai shi ya kai linta ƙarfinsa ya ƙare. Hanya ce mai ɓullewa, kuma muna goyon bayan duk ɗan ƙungiyar da ya kama ta. Sai dai akwai wani tuntuɓe da ake yawan yi tun a takun farko. Mai saye yakan bi dillali ya shiga gida, ya ƙirga ɗakuna, ya dubi tsagewar bango da yoyon rufi, ya tambayi farashi, ya fito yana lissafin buhunan siminti. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ake bari a ƙofar gida: shin wannan wurin zai ɗauki rayuwar mutanen da za su zauna a cikinsa?

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai sayen tsohon gida ya riga ya yarda da yoyo, da ƙofar da gara ta ci, da filastar da ta ɓaɓɓake, kuma duk waɗannan kuɗi na maganinsu a hankali, albashi bayan albashi. Faɗin ƙasar da gidan yake kai kuwa, da girman tsakar gidansa, da lungun da ake bi a isa gare shi, babu birkilan da zai iya ƙara musu ko da taku ɗaya. Ra'ayinmu ke nan a wannan fitowa: malami ya fara auna buƙatar iyalinsa a takarda, sannan ya auna fili da tef, sai a ƙarshe ya waiwayi lafiyar gini. Galibinmu sau ɗaya muke sayen gida a rayuwa, da kuɗin da aka tara shekara da shekaru, ko da rance, ko da giratutin da aka yi ta jira. Kuɗin da aka sha wuya irin haka kafin a same su bai kamata a zuba su a inda iyali za su ƙare suna zaman takura ba.

Mutanen gida, yau da gobe

Awon farko a gidan hayar da muke ciki ake yin sa, tun kafin a kira dillali. A zauna da takarda da biro a rubuta sunan duk wanda ke kwana a gidan yau, da shekarunsa. Sai a ja layi, a sake rubuta sunayen nan a ƙara wa kowa shekara goma. Yaro ɗan shekara huɗu da ƙanwarsa 'yar shekara biyu, waɗanda katifa ɗaya ke isar su a ɗakin mahaifiyarsu, a shafi na biyu sun zama ɗan 14 da 'yar 12. Addini da tarbiyya duka sun umarce mu da raba wa yara wurin kwanciya idan sun tasa, kuma babu uban da zai so ya kwantar da samari da 'yan mata a ɗaki ɗaya don kawai bai yi lissafi ba ranar ciniki. Gidan da ya wadaci iyalin yau yana iya zama kurkuku ga iyalin gobe, alhali mutanen nan dai su ne, girma kawai suka yi.

Gidan malami kuma ba kasafai yake tsayawa ga 'ya'yan cikinsa ba. Dangi a ƙauye sun san inda za su tura yaron da ya ci jarrabawar shiga sakandare, domin a ganinsu babu riƙon da ya kai na malami. Akwai mahaifiya da tsufa zai kawo ta zama tare da mu, wadda ke buƙatar ɗaki a ƙasa, kusa da banɗaki, ba tare da hawa matakala ba. Akwai 'ya da za ta dawo wankan jego. Mai mata fiye da ɗaya ya san kowace tana da haƙƙin ɗakinta, wanda kuma yake da niyyar ƙari ya gaya wa takarda gaskiya tun yanzu. A ɗaya ɓangaren, gida yana raguwa kamar yadda yake cika: 'yan mata za su tafi gidajen aure, wasu samarin karatu ko aiki zai ɗauke su. Duka biyun a sa su a lissafi. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta mayar da ritayar malami zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, a inda aka fara aiki da ita. Wanda ya sayi gida yana da shekara 45 ya san cewa a nan zai ƙarasa aikinsa, a nan kuma zai yi tsufansa.

Wannan takarda ba a rubuta ta a ɓoye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma uwargida ce ta san tukwane nawa ke neman wurin ajiya, da inda ake shanya a damina, da yadda hayaƙi ke cika ɗaki idan madafi ya matse. Sau da yawa maigida ne kaɗai ke zuwa ganin gida, a gama ciniki, sai ranar tarewa mai girkin ta ga inda za ta yi shekara talatin tana tsugunno. A tafi da ita tun zuwan farko ko na biyu. 'Yan'uwanmu malamai mata da ke sayen gida da guminsu, kuma suna da yawa a yau, su ma su zauna da waɗanda za su zauna tare da su a yi lissafin a fili. Daga nan a raba buƙatun gida biyu: abin da ba a iya zama sai da shi, da abin da za a so idan hali ya yi. Shafin farko shi ne ma'aunin da za a ɗora kowane gida a kai. Gidan da ya kasa cika shi a bar shi, komai arharsa.

Aikin malami yana bin sa gida

Ma'aikata da yawa suna rufe ofis su bar aiki a can. Namu aikin a jaka yake biyo mu. Tsarin darasi, da makin littattafan ɗalibai, da tulin takardun jarrabawa a ƙarshen zango, da cike sakamako, duk a gida ake ƙarasa su, galibi da dare. Malamin da ba shi da inda zai kafa tebur, a kan gado yake maki, yara na tsalle a gefensa, takardun ɗalibai na haɗuwa da miya. Ba sai an ware ɗaki guda ba. Kusurwa mai faɗin ƙafa shida, da taga, da bangon da za a kafa katakon ajiye littattafai inda ruwa da gara ba za su kai gare su ba, ta wadatar. Amma tilas a nemo wannan kusurwar da ido tun ranar ganin gida, domin idan kaya suka shiga, ba za ta samu ba.

Sannan malami mutum ne mai baƙi. Iyayen yara na zuwa, tsofaffin ɗalibai na zuwa gaisuwa, maƙwabta na kawo takarda a karanta musu ko a cike musu. Wasunmu na koyar da yaran unguwa da yamma. Kakanninmu sun warware wannan tun da daɗewa da suka sa zaure a gaba, shigifa a tsakiya, cikin gida a ƙurya, yadda baƙo zai samu mazauni ba tare da ya ga sirrin gida ba. Yawancin tsofaffin gidaje na da wannan tsari, kuma abin takaici ne yadda wasu ke saye su mayar da zauren shago tun watan farko, daga baya su koma tarbar baƙi a kan benci a bakin titi. Idan gidan da ake dubawa ba shi da zaure, a duba ko akwai ɗakin da ƙofarsa za ta iya kallon waje.

Kada kuma a manta da sana'ar da ke tallafa wa albashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne tun 2024, kuma kowa ya san iyakar inda irin wannan kuɗi ke kai iyali. Keken ɗinki, da firjin ƙanƙara da zoɓo, da kejin kaji, da turken tumaki biyu da ake kiwo don Babbar Salla, su ne ke rufa wa gidaje da yawa asiri, su ne kuma za su zama abin yi bayan ritaya. Kowannensu na cin wuri. Babur ma sai ya kwana a ciki, kuma yana son ƙofar da zai shige ba tare da an kankare masa madubi ba.

Tsakar gida ita ce babban ɗaki

Dillali yakan ce gida ɗaki shida ne, ya faɗa da alfahari, mai saye ya ji zuciyarsa ta natsu. A bincika yadda aka yi ɗakunan suka kai shida. A unguwannin da ake haya sosai, masu gidaje sun daɗe suna cinye tsakar gida ɗaki bayan ɗaki don ƙarin kuɗin haya, har abin da ya rage ya zama siririn lungu wanda rana ba ta sauka a cikinsa sai da tsakar rana. Irin wannan gida yana da ɗakuna, amma ba shi da wurin rayuwa. A ƙasarmu rabin rayuwar iyali a tsakar gida take: girki da icce ko gawayi, wanki, shanya, daka, wasan yara, taron suna, da kwanan waje daga Maris zuwa Mayu lokacin da ɗaki ke zama tanda, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas.

Maganar ta wuce jin daɗi, ta shafi lafiya. Arewacin Najeriya na cikin yankin da sanƙarau ke tashi a lokacin rani, kuma waɗanda suka ga annobar 1996 ba su manta ba. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa na taimaka wa yaɗuwarsa, haka ma tarin fuka. Don haka a tsaya a tsakiyar kowane ɗaki a duba: taga nawa gare shi, kuma ina take buɗewa? Tagar da ke kallon katangar maƙwabci a tazarar kamu ɗaya suna kawai ta tara. Ɗakin da ke da taga a ɓangare biyu, iska na shiga ta nan ta fita ta can, ya fi wanda ya ninka shi girma amma ƙofa kaɗai gare shi. A lura kuma da ɗakin da bangonsa ke fuskantar yamma ba tare da wata inuwa ba, domin yana shan rana tun daga azahar, ya riƙe zafin har tsakar dare.

Akwai kuma abubuwan da ke ƙarƙashin ƙasa, waɗanda su ma fili suke ci. Ina shaddar take, ta kusa cika, kuma idan ta cika ina za a haƙa wata? Ina ramin da ruwan wanka ke tafiya? Idan akwai rijiya, a auna tsakaninta da shadda, har da ta maƙwabta. Shawarar da masana tsabtar ruwa suka fi bayarwa ita ce tazarar kimanin mita 30, wadda ita ce tsawon fuloti guda cur. A matsattsen gida wannan ba ya samuwa, kuma ma'anarsa ita ce rijiyar ta wanki ce kawai, ruwan sha sai an saya ko an tanadi tanki. Tankin ma sai an sama masa mazauni.

A tafi da tef

Ido maƙaryaci ne a cikin gidan da babu kaya. Ɗaki fayau yakan yi kama da fili, sai gado ya shiga a ga gaskiya. Tef ɗin awo bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, kuma mu da muke koya wa yara tsawo sau faɗi bai dace mu sayi gida da ƙiyasi ba. Ɗaki mai ƙafa 10 da 10 murabba'in ƙafa 100 ne. Katifa mai ƙafa shida da shida ta cinye 36, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku, tun kafin durowar kaya da akwatuna su shigo, tun kafin a bar wa ƙofa wurin buɗewa. Mai ƙafa 12 da 12 kuwa 144 ne. Bambancin ƙafa biyu da ba a ganinsa da ido ya kusa kai rabin ƙaramin ɗakin. A riƙa auna ɗaki ta ciki, musamman a ginin ƙasa, inda kaurin bango a gindi kan kai ƙafa biyu ko fiye, ya sa gida ya yi girma daga waje ya ƙanƙance daga ciki.

Mu ɗauki misalin iyali matsakaici: miji da mata da 'ya'ya maza da mata. Suna buƙatar ɗakin kwana uku masu 12 da 12, wato 432. Falo mai 12 da 16 ya ci 192. Madafi mai 8 da 10 ya ci 80, banɗaki biyu masu 5 da 6 sun ci 60, zaure mai 10 da 10 ya ci 100. Jimla 864, idan aka haɗa da kaurin bango a kira shi 1,000. Cikakken fuloti mai ƙafa 50 da 100 murabba'in ƙafa 5,000 ne, rabinsa 2,500. A rabin fuloti, iyalin nan za su samu ɗakunansu, 1,500 ta rage musu ta tsakar gida da shadda da tanki da turke da ɗakin da za a ƙara nan gaba. A gida mai ƙafa 25 da 50 kuwa, irin wanda ya cika cikin gari bayan rabon gado, duka filin 1,250 ne. Abin da zai rage 250 ne kacal, kuma a cikinsa za a yi girki, a yi shanya, a haƙa rami, a ajiye babur. Ba mu ce irin wannan gida ba ya zaunuwa ba, dubban iyalai na cikin irinsa. Abin da muke cewa shi ne mai saye ya san wannan lissafi kafin ya miƙa kuɗi, ya kuma san cewa a nan babu sauran wurin ƙari.

Daga wannan lissafi ne muke cewa gida mai ɗaki biyu da faffaɗan fili ya fi gida mai ɗaki biyar da ya cika filinsa dam. Na farko zai girma tare da iyali, ɗaki ɗaya bana, wani bayan shekara uku. Na biyu ya gama girmansa, kuma duk gyaran da za a yi masa sai an fara da rushewa, wato a biya kuɗi sau biyu, na rusau da na gini.

Inda gyara ba ya kaiwa

Kalmar da ta fi cutar masu sayen tsohon gida ita ce “ai sai a fasa nan a haɗe”. Ba kowane bango ake fasawa ba. A ginin soro, azara ba ta da dogon zango, shi ya sa magina na dā suke yin ɗakuna matsakaita, ko su ɗaura bakan gizo idan ana son faɗi. Bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu sau da yawa shi ke ɗauke da rufin duka biyun, kuma cire shi na nufin sauke rufin baki ɗaya. A ginin bulo ma akwai bangon da nauyi ke kansa. Haka zancen “in wuri ya yi kaɗan sai a hau sama”. Harsashin da aka zuba don gidan ƙasa ba lalle ya ɗauki bene ba, kuma wannan hukunci na injiniya ne, tare da amincewar hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano da takwarorinta a sauran jihohi. Kada a sayi gida a kan ɗakin da yake cikin tunani kawai, sai wanda ya san gini ya tabbatar zai yiwu.

A dubi tsayin daɓen gida a kan titi. Tsofaffin unguwanni da yawa an yi ta cike hanyoyinsu ana ɗaga su, har gidajen suka koma rami, ana sauka a shiga. Gidan da ke ƙasa da titi, ruwan Agusta baƙonsa ne na kowace shekara. Maganinsa ciko, ciko kuma yana cinye tsayin ɗaki, har a kai ga ɗaga rufi da tagogi da ƙofofi. Alamar danshi a gindin bango tana faɗin abin da dillali ba zai faɗa ba, maƙwabta ma za su faɗa idan an tambaye su cikin ladabi. Wanda ya ga gida a watan Janairu ya ga rabinsa ne. In da hali a koma bayan an yi ruwa mai ƙarfi.

A auna lungun ma. Idan motar yashi ba za ta iya zuwa ƙofar gida ba, kowane bulo da kowane kwanon yashi sai an biya ɗan dako ko mai baro, kuma kuɗin gyara ya tashi tun kafin a fara. Ranar da mara lafiya ko mai naƙuda za su fita da tsakar dare, faɗin lungun nan shi ne zai zama abin tunani. Sannan a tabbatar da iyakar abin da ake sayarwa. A gidan gado da aka raba, akwai ɓangaren da ba shi da ƙofar kansa ko banɗakin kansa, akwai tsakar gidan da ake nuna wa mai saye alhali rabinta na wani magajin ne. A tara magada duka, a kira mai unguwa da maƙwabta na kowane ɓangare, a ja tef a gabansu, a rubuta awon a takardar ciniki. Idan akwai takardar mallaka, a gwada awon da ke cikinta da na ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birane a hannun gwamnan jiha, kuma sauya mallakar fili mai irin wannan takarda na buƙatar amincewarsa. Ɗakin da aka gina a kan hanya, ko a kan magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, kada a sa shi a lissafin ɗakuna, domin ranar da rusau ya zo ba za a tambayi nawa aka saye shi ba.

Babba ma tarko ne

Kada a fahimci duk wannan a matsayin kira ga neman ƙaton gida. Bayan garuruwanmu cike suke da kangwayen da aka faro da buri mai faɗi, ciyawa ta tsiro a falonsu, masu su na nan a gidan haya har yau. Kowane ɗaki da aka saya bashi ne da ke jiran biya: kwano, silin, ƙofa, taga, filasta, daɓe, waya. Bulo goma ne ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango, don haka ɗaki guda mai 12 da 12 na cin bulo 400 ko fiye, kafin a zo kan siminti da rodi da katako, waɗanda farashinsu ba ya jiran ƙarin girman kowa. Kango mai ɗaki bakwai da dogon rufi ɗaya na iya hana mutum tarewa shekara biyar, domin ba ya rufuwa rabi-rabi cikin sauƙi.

Tambayar da za ta raba gardama ita ce: wane ɓangare na gidan za a iya gyarawa a shiga da kuɗin da ke hannu bayan an biya ciniki da la'ada da kuɗin takardu? Idan ɗaki biyu da banɗaki da madafi za su zaunu cikin watanni kaɗan, kuɗin hayar da aka daina biya shi zai riƙa gina sauran. Idan kuwa sai an gama komai kafin a tare, to malami ya ɗaura wa albashi ɗaya kaya biyu, haya da gyara. A duba kuma ko iyali za su iya zama lafiya yayin da ake aiki a ɗaya gefen, da inda za a jibge yashi da bulo ba tare da an toshe ƙofa ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Fili ya zama mai yalwa, ginin da za a fara da shi ya zama daidai aljihu.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce wanda mai gida ya ba wa takardar tashi ba ya zaɓe, da babu gara ba daɗi, kuma ƙaramin gidanka ya fi fadar haya. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba ma raina ta. Amma takurar haya tana da ranar ƙarewa, ta gidan da aka saya da kuɗin giratuti kuwa sai dai a sayar, sau da yawa da asara, bayan an narkar da kuɗin gyara da ba za su dawo ba. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa buƙatar awo, domin ba shi da kuɗin gyara kuskure. Wani lokaci lissafin zai nuna cewa ƙaramin gida kusa da makaranta ya fi, saboda kuɗin mota da lokacin da za a rage. Wani lokaci zai nuna cewa gara a matsa bayan gari inda kuɗin nan za su sayi fili ninki biyu. Kowanne aka zaɓa, a zaɓe shi ido buɗe. Sabunta haya na wata shida don a ƙara dubawa ya fi nadamar shekara ashirin.

Abin da reshe zai iya yi

Wannan ba nauyin mutum ɗaya ba ne. A cikinmu akwai malaman kwalejojin fasaha da suka san gini da aikin katako da wutar lantarki, akwai malaman lissafi da na zanen fasaha da na labarin ƙasa. Muna ba da shawara reshe ya kafa ɗan kwamiti na sa-kai daga cikinsu, wanda duk ɗan ƙungiyar da zai sayi tsohon gida zai iya nema ya raka shi zuwa na biyu, a auna, a zana taswirar gidan a takarda, a gaya masa gaskiya, a kuma nuna masa inda tilas ne ya nemi injiniya. Muna kuma roƙon masu kula da asusunmu na taimakon kai da kai su duba yiwuwar ba da rancen gyara kashi-kashi, rufi da banɗaki da farko, sauran daga baya, maimakon dunƙulen kuɗin da ke ƙarewa a fenti da tayil alhali madafi ba shi da ƙofa. Waɗanda ake cire musu kashi 2.5 cikin 100 zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, su sani cewa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya na da rancen gyaran gida ga masu zuba kuɗi a asusun. Ya dace sakatariyar reshe ta nemo sharuɗɗansa na yanzu ta bayyana wa membobi a taro mai zuwa.

Mu ne muke hana ɗalibi rubuta amsa kafin ya karanta tambaya. Gida amsa ce, tambayar kuwa ita ce iyalin da za su zauna a cikinsa, da yawansu, da aikinsu, da tsufansu. A rubuta ta da kyau, a sa tef a aljihu, sannan a kira dillali. Allah Ya rufa wa kowane malami asiri, Ya ba shi muhallin da zai wadace shi da iyalinsa.